Tun Ran Gini Ran Zane: Shawarwari Kan Yi Wa Bayan Gida Da Gabansa Fenti

  A wannan fitowa filinmu na iyali zai tsaya ne a ƙofar gida, domin mu dubi bangon da ke fuskantar titi, mu tattauna yadda ya kamata a shafa masa fenti.

Wataƙila wani ya ce wannan ai ƙaramin al'amari ne, bai kai a ɓata masa tawada ba. To, amma duk wanda ya zaga unguwanninmu a ƙarshen damina, daga nan Binduri zuwa Bawku, ko ya gangara Yendi da Salaga, zai ga gidaje da dama waɗanda aka yi wa fenti bara, bana sun koma kamar ɓawon itace: nan ya kumbura, can yana ɓamɓarewa, gindin bango kuwa ya yi baƙi ƙirin. Kuɗin da aka zuba a wannan aiki sau da yawa gumin noman albasa ne na rani guda, ko saƙon ɗa da ke neman halal a Kumasi ko Akara ko ƙetaren teku. Kuma hasarar ba ta tsaya ga aljihu ba, domin fentin da bai dace ba yana iya cinye ginin ƙasa daga ciki har ya faɗi, wani fentin kuma yana ɗauke da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ke nan magana ce ta dukiya, da gini, da lafiyar iyali, kuma dukansu amana ce a wuyan maigida.

Abokan gābar bango

Kafin mutum ya sayi ko da lita guda, ya kamata ya san abin da bangonsa yake fama da shi. Abu na farko shi ne ruwa. A yankin Bawku da Binduri damina guda ce a shekara, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa farkon Oktoba, kuma ruwan da ake samu yakan kama tsakanin milimita 800 zuwa 1,100. Ba shi da yawa idan aka kwatanta da kudu, sai dai yana zuwa da ƙarfi cikin 'yan watanni, musamman Agusta da Satumba. Hadarin ƙasashenmu daga gabas yake tasowa, iska ta riƙa jifan bango da ruwa a karkace, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne saurin lalacewa. Yendi da Salaga sun fi mu samun ruwa, daminarsu ta fi tsayi, saboda haka gansakuka da baƙin danshi sun fi damun bangayensu.

Akwai kuma ruwan da ke hawowa daga ƙasa. Gundumar Binduri, wadda aka cire daga Bawku a shekarar 2012, tana gefen kogin Farin Volta, wanda mutanen Burkina Faso ke kira Nakambé. Idan aka buɗe madatsar ruwa ta Bagre a ƙarshen damina, fadamu sukan cika, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Manyanmu ba su manta da ambaliyar 2007 ba, wadda ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a arewacin Ghana. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, harsashin da ba a shimfiɗa masa leda mai hana danshi ba yakan tsotsi ruwa kamar lagwanin fitila, ya hau da shi cikin bango tare da gishirin ƙasa. Wannan gishiri shi ne farin garin nan mai kama da kanwa da ake gani a gindin bango, kuma shi yake tura fenti daga baya har ya rabu da filasta.

Abu na biyu shi ne rana. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, bangon yamma ya yi ta gasuwa tun daga azahar har magariba. Hasken rana yana cin launi, yana kuma ƙona sinadarin da ke riƙe fenti, har ya koma gari. Na uku kuwa ƙurar hunturu ce, wadda ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu ta manne a duk abin da bai bushe ba.

Bangon ƙasa daban, na bulo daban

Babban kuskuren da ya yaɗu a zangunanmu shi ne ɗaukar kowane bango a matsayin abu guda. Ginin ƙasa yana numfashi: yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Duk abin da ya toshe masa wannan hanya, kamar siminti mai kauri ko fentin mai, to ya kulle ruwa ne a cikinsa.

Magabata sun san haka tun kafin zuwan gwangwanin fenti. A ƙasar Hausa, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka taso suka bi hanyar fataucin goro zuwa Gwanja, magina suna da makuba, wato ruwan da ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, wanda ke ƙarfafa yaɓe da daɓe. Suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin jima, da dafara, a shafe rufin soro da bangon da ruwa ke duka. Maƙwabtanmu na wannan yanki su ma suna da irin tasu hikimar. A garin Sirigu, matan gida ne ke zayyana bangaye da ja da baƙi da fari waɗanda suke samu daga ƙasa da duwatsu, sannan su yayyafa dafaffen ruwan ɓawon ɗorawa a kai domin ya kare zanen. A shekarar 1997 suka kafa ƙungiyarsu mai suna SWOPA don raya wannan sana'a. A ƙetaren iyaka, fadar Tiébélé ta ƙasar Burkina Faso, wadda ake yi wa irin wannan ado, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2024. Duk waɗannan shafe-shafe suna tare ruwan sama, amma suna barin danshin ciki ya fita.

Misalin da ya fi dacewa mu riƙe shi ne na Masallacin Larabanga, kusa da Damongo, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 an shafe bangayensa da siminti da yashi, da kyakkyawar niyyar kare shi daga ruwa. Sakamakon ya zo akasin haka: danshi ya maƙale a cikin ginin, itatuwan da ke riƙe shi suka ruɓe, gara ta samu wurin zama, har wani sashe ya rushe. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta sanya shi cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari, kuma da aka zo gyara, aikin farko shi ne ɓamɓare simintin nan gaba ɗaya, aka mayar masa da yaɓen ƙasa da farar ƙasa. Idan siminti ya yi wa ɗakin Allah haka, ba zai raga wa ɗakin kowa ba.

Saboda haka shawararmu ga mai gidan ƙasa ita ce ya riƙe yaɓe mai kyau, ya sabunta shi kafin damina, ya rufe da farar ƙasa. Ana dama ta ne da ruwa-ruwa kamar nono tsinkakke, a yayyafa wa bango ruwa tukuna, sannan a shafa siriri-siriri har sau 3, ana barin aƙalla kwana guda tsakani. Idan an shafa takan yi kamar ba ta kama ba, sai ta bushe farinta yake fitowa. Tana da araha, tana hana gansakuka, sai dai tana cin fata da ido, don haka a sa safar hannu a kuma kare idanu. Wanda kuma ya riga ya yi wa ginin ƙasa filastar siminti, to ya riƙa ƙwanƙwasa ta lokaci-lokaci. Inda ya ji tana amsawa kamar ganga, ta rabu da ƙasar ke nan, gyara take nema kafin a yi zancen fenti.

Lokacin da ya dace

Yawancinmu mukan tuna da fenti ne idan Salla ta ƙarato, ko biki, ko dawowar alhazai. Kyautata gida saboda baƙi abu ne mai kyau, sai dai bango bai san kalandar biki ba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka Salla tana zagaya yanayi. A 2012 da 2013 ƙaramar Salla ta faɗo cikin Agusta, tsakiyar damina, lokacin da bango yake jiƙe sharkaf. A 2025 kuwa ta zo a ƙarshen Maris, tsakiyar bazara, babbar Salla kuma ta zo a farkon Yuni, da saukar ruwa. Wanda ya ɗaure aikinsa da ranar Salla, sau da yawa zai yi shi a mafi munin lokaci. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne bayan ɗaukewar ruwa da makonni kaɗan, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. A lokacin bango ya bushe, zafi bai tsananta ba, ƙura kuma ba ta yi kauri ba. Mutanen Salaga da Yendi su ɗan ƙara jinkiri, tunda ruwansu ya fi daɗewa. Mun san cewa manomin rani a gaɓar kogi kuɗinsa yakan shigo ne da bazara, bayan an kwashe albasa. To, ya yi amfani da su wajen abin da ya kamata a gama kafin damina: toshe tsaga, gyara kwano da indararo, da haƙa hanyar ruwa. Fentin kansa ya bari sai kaka. Ta haka damina za ta jarraba gyaran, a ga inda ya rage.

A cikin yini ma akwai ƙa'ida, ita ce a bi inuwa. Da safe a yi bangon yamma, bayan azahar a koma na gabas. Bangon da tafin hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba saboda zafi, ba ya karɓar fenti, domin saman zai bushe tun cikin bai kama ba. Ranar da aka tashi da hazo da iska kuwa, a ajiye burushi.

Shirin bango shi ne yawancin aiki

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa yake. Fenti tufa ce, ba ya warkar da ciwon da ke ƙarƙashinsa, don haka a fara da neman inda ruwa ke shiga. A duba bakin kwano ko ya fito sosai daga bango, a duba indararo ko yana zubarwa nesa da harsashi, a duba bayan makewayi da wurin alwala, inda ruwa ke kwanciya kullum. Dakali ko daɓen siminti mai gangara a kewayen gida yana rage fantsamar ruwa da laka.

Bayan haka sai a yi wa bango gwaji iri biyu masu sauƙi. Na farko, a goga tafin hannu a tsohon fenti. Idan ya fito da gari kamar alli, dole a wanke shi da burushi mai tauri, in ba haka ba sabon fenti zai zauna ne a kan ƙura. Na biyu, a manna ƙyallen leda a gindin bango, a liƙe gefunansa huɗu, a bar shi ya kwana. Idan da safe aka ga raɓa a cikinsa, bangon bai bushe ba tukuna.

Duk inda fenti ya ɗago a kankare shi har a kai ga wuri mai ƙarfi. Gishirin da ya fito a goge shi a bushe, kada a wanke da ruwa, domin ruwan zai narkar da shi ya mayar da shi ciki. Baƙin danshi da gansakuka a wanke su da ruwan bilic na wankin tufafi, mudu 1 cikin mudu 4 na ruwa, a ɗauraye, a bari ya bushe, kuma kada a kuskura a gauraya bilic da wani maganin wanki. Ƙananan tsage-tsage a ɗan buɗa su a cike. Amma tsagar da ɗan yatsa ke shiga, ko wadda ta bi a karkace daga kusurwar taga tana ƙaruwa kowace shekara, wannan maganar harsashi ce, birkila za a kira.

Sabuwar filastar siminti tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a shafa mata komai, kuma a makon farko a riƙa ba ta ruwa safe da yamma don kada ta tsattsage. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na toka, yana ƙona launi ya bar dabbare-dabbare. Bayan ta bushe, a fara da shafin farko, wanda masu shago ke kira firama, irin wanda aka yi domin siminti. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don tsimi, alhali shi ne yake hana bango shanye fenti mai tsada.

Zaɓen fenti da lissafinsa

Fenti iri biyu ne a dunƙule: na ruwa da na mai. Bangon siminti na waje fentin ruwa yake so, amma wanda aka rubuta a jikin bokitinsa cewa na waje ne, domin an ƙara masa abin da ke jure rana da ruwa. Na cikin ɗaki ya fi araha, sai dai damina guda ta ishe shi. Araha ba ta ado. Fentin mai kuwa na ƙofofi ne da tagogi da ƙarafa da katakon bakin kwano. Ƙarfe sai an goge tsatsa da sanfefa an shafa maganin tsatsa tukuna. A saya a shagon da aka sani, a duba murfi ko ba a taɓa buɗe shi ba, a duba ranar da aka yi shi, da tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ghana idan na gida ne.

Game da launi, fari da makamantansa suna mayar da yawancin hasken rana, masu duhu kuwa suna shanye shi su tura zafi cikin ɗaki. A birnin Ahmedabad na Indiya, hukuma ta soma shirin shafa wa rufin gidajen talakawa farin shafi a 2017, musamman don rage zafin da ke kashe tsofaffi da jarirai. Ga mu da muke kwana a tsakar gida a watan Maris saboda ɗaki ba ya shiguwa, wannan darasi ne. Sai dai jar ƙasarmu ba ta raga wa fari. Maganin shi ne a yi wa gindin bango ɗamara ta kimanin mita 1 da launin ƙasa ko ruwan toka, sama kuma a bar ta da haske. Masu duhu irin shuɗi da ja sun fi saurin kodewa, a bar su ga ƙofa da bakin taga.

Ga yadda ake lissafi, domin kada a saya a rage ko a yi ɓarna. A ce gida tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 9, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 42 ke nan, a ninka da 3, a samu murabba'in mita 126. A cire ƙofofi 2 da tagogi 8, kimanin murabba'in mita 16, saura 110. Shafi biyu ake yi, ya zama 220. Lita guda takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, don haka ana buƙatar lita 22. Idan bangon mai kaushi ne, lita ba za ta wuce murabba'in mita 7 ba, sai a nemi wajen lita 32. Firama shafi guda ce, kimanin lita 11. A ƙara kashi 1 cikin 10 saboda gyare-gyare, kuma a sayi duka lokaci guda, domin launi yakan ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi. Idan bokiti biyu ne, a juye su wuri guda a gauraya.

Wajen shafawa, a fara daga sama a gangaro, a yi kusurwoyi da burushi, fili da rola. Kada a tsaya a tsakiyar bango, a kai kusurwa tukuna, don kada tabon haɗi ya fito. Shafi biyu sirara sun fi guda mai kauri. Fentin ruwa yakan so awa 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, na mai kuwa sai ya kwana. Ruwan da za a ƙara kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokiti. Tsinka fenti da ruwa don ya kai, kamar tsinka kunu ne ga mai yunwa: kwano ya cika, ciki bai cika ba. Tsani kuma, ga kowace mita 4 ta tsayi a nisanta ƙafarsa mita 1 daga bango, wani ya riƙe, a kuma kula da wayar lantarki da ke shigowa ta ƙarƙashin kwano.

Gubar dalma da lafiyar yara

Wannan sashe muna roƙon iyaye mata su karanta shi da kyau. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, da wasu magungunan tsatsa, ana sa musu dalma don launi ya yi haske ya kuma bushe da wuri. Idan fentin ya tsufa ya zama gari, yaro mai rarrafe yakan kwashe shi da hannu ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa a jikin yaro. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, tana jawo ƙarancin jini, kuma lahanin da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje tun 1978, kuma iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su kafa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda dalma. Ta can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar guda ce.

Don haka a nemi fentin da aka rubuta cewa ba shi da dalma. Tsohon fentin mai kada a goge shi a bushe, kada kuma a ƙona shi da wuta. A jiƙa shi a kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa ta tare ɓarɓashin, a kwashe a kai nesa da rijiya da wurin wasan yara. Masu juna biyu da ƙananan yara su nisanci wurin har a gama a share. Mai aikin ya wanke hannu kafin cin abinci, ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Sa'an nan ga wata al'ada da ta zama ruwan dare: mayar da bokitin fenti mazubin ruwan sha, ko na koko, ko na jiƙa gero. A bar shi ga shara da kwasar yashi.

Haƙƙoƙin da ke rataye da aikin

Mai hawa tsani yana ganin abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani. Wajibi ne a sanar da maƙwabta tun jiya, domin iyalinsu su kintsa, shi kuma mai aikin ya kame idonsa. A tabbata fenti bai fantsama a bangon maƙwabci ko shanyarsa ba, kuma sabon indararo bai juya ruwa zuwa harsashinsa ba. Ruwan wankin burushi kada a zuba shi a kwatar da awaki da kaji ke sha.

Tsakanin maigida da mai fenti a yi magana a fili tun farko: wa zai sayi kaya, shafi nawa za a yi, shin kankara da toshe tsaga suna cikin jinga, nawa ne kafin alƙalami, kuma yaushe za a cika. Rubuta yarjejeniya da kafa shaidu koyarwar addininmu ce, haka ma biyan ma'aikaci haƙƙinsa ba tare da ja masa rai ba. Shi kuma mai fenti ya ji tsoron Allah, kada ya tsinka kaya ya ɓoye saura, kada ya rufe aibin da ya gani ba tare da ya faɗa ba. A gidan gado kuma, inda 'yan'uwa da yawa ke da haƙƙi, a yi shawara kafin a taɓa bango, a rubuta abin da kowa ya bayar, domin ƙaramin abu irin wannan ya sha raba zumunci. Mai haya shi ma ya nemi izinin mai gida, su daidaita a kan wanda zai ɗauki nauyi.

Akwai mas'aloli biyu da ya kamata mu tuna wa juna. Fentin mai idan ya bushe a fata yana hana ruwa isa gare ta, kuma malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta gusar da duk abin da ke shamaki a gaɓoɓin alwala. A goge shi da man gyaɗa ko man kaɗe da sabulu kafin salla, hakan ya fi kananzir sauƙi ga fata. Na biyu, masu son rubuta ayoyi ko sunayen Allah a bangon waje su yi tunani. Wurin da ruwa ke wankewa zuwa kwata, dabbobi ke gogar jiki, 'yan siyasa ke manna takardu, bai dace da abin girmamawa ba.

Daga ƙarshe, a auna aikin da ƙarfin aljihu. Tsafta da kyan gani abin so ne, amma cin bashi don a yi gasa da gidan wane, alhali kuɗin makarantar yara na jira, almubazzaranci ne. Wanda bai da halin zagaye gida duka, ya fara da bangon gabas da gindin bango, inda ruwa ya fi ci, ya bar saura sai baɗi. Wanda ya gama kuma ya ajiye ragowar fentin a inuwa, murfi a rufe, ya riƙa zagaya gidansa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, yana toshe ƙaramar tsaga tun ba ta girma ba. Haka nan idan jama'ar unguwa za su haɗa hannu su gyara bangon masallaci ko makarantar allo, ko ɗakin wata gwauruwa mai marayu, waɗannan ƙa'idoji ne dai za su bi, ladan kuma yana wurin Allah.

Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya kare su daga ambaliya da gobara, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya.